Mai Gemu da Bulon Roba

A 2017 kamfanin LEGO ya fitar da wani kwalin kayan wasa a kan dala 800, daga baya kuɗinsa ya koma 850. A cikinsa akwai 'yan bulullukan roba guda 7,541. Idan mutum ya zauna ya harhaɗa su yadda littafin da ke cikin kwalin ya nuna, za su ba shi Millennium Falcon, kumbon nan na finafinan Star Wars. A canjin ƙarshen 2024, kwalin ya haura naira miliyan ɗaya, tun kafin a zo maganar kuɗin jirgi da na kwastan. Mafi ƙarancin albashi a jihar Legas kuwa a lokacin naira 85,000 ne. Kuma ba yara ke sayen wannan kwali ba. Magidanta ne, wasunsu da furfura.

Da na ɗauka abin sai Turai da Amurka, amma ga shi ya iso mana har Agege, ko da yake masu yin sa ba su taka kara sun karya ba. Akwai wani matashi a layinmu, mai gyaran waya ne a Ikeja, yana da mata da 'ya'ya biyu. Ya kafa katako a bangon ɗakinsa ya jera ƙananan kumbuna da ya haɗa da hannunsa, babu na miliyan a ciki, yawancinsu ma na gwanjo ne. Ranar da maganar ta fito a majalisa, wani dattijo ya dube shi ya ce, "Kai yanzu da gemunka, da iyalinka, wasan yara kake yi?" Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a yi haƙuri, hutawa nake yi da shi." Aka yi dariya, aka wuce. Ni dai ina bayan yaron, amma da sharaɗi, kuma zan zo kan sharaɗin.

Dattijon da ya yi wannan faɗa yana da tantabaru. Kowa ya san abin da suke ci na dawa da gero a wata, a garin da ake kawo hatsin daga Arewa a mota, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce masa yaro ba. Haka mai kiwon rago shekara biyu don kawai a ce nasa ya fi na kowa ranar Sallah, haka wanda ba ya barci idan Arsenal ta sha kashi. Duk sha'awa ce, duk tana cin kuɗi da lokaci. Bambancin kawai shi ne waɗancan mun saba da su, wannan kuwa baƙuwa ce, kuma a kwalin yara ta zo.

Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin faɗan wanda ya shafe mu mu mazauna Kurmi. Hausawa sun fi shekara ɗari a Agege. Goro ne ya kawo kakanninmu, jirgin ƙasa ya sauƙaƙa musu hanya bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, suka kafa Zango, suka yi sarki, suka yi masallatai. Yau akwai waɗanda a nan aka haifi kakansu. Duk da haka har gobe muna zaune kamar 'yan ci-rani, jaka a ɗaure, kamar jibi za mu tashi. Duk nairar da ba ta shiga jari ba, ba ta tafi gida ba, ana yi mata kallon asara. Wannan tarbiyya ita ta gina gidaje a Kano da Katsina da Sakkwato, ba na raina ta. Sai dai ta bar mana magidanta da yawa waɗanda daga kasuwa sai tabarma, daga tabarma sai waya, ba su da wani abin da suke yi don kawai yana faranta musu rai. Mutumin da ya wuni a cunkoson Pen Cinema ko a mayankar Oko-Oba, in ya samu awa guda da dare ya zauna shiru yana haɗa wani abu da yatsunsa, ban ga ta inda ya zubar da girmansa ba.

Shi kansa kamfanin ya daɗe kafin ya gane cewa manya na cikin masu sayensa. Wani kafinta ne, Ole Kirk Christiansen, ya fara shi a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932, da kayan wasa na katako. Bulon roba mai ƙusoshi a sama da ramuka a ƙasa, irin wanda ake gani yau, a 1958 aka yi masa rajista, kuma na wancan lokaci har yanzu yana kama na bana daram. A 1978 suka fara fitar da kwalaye na sararin samaniya, da 'yan sama-jannati masu murmushi. A 1999 suka fara fitar da kwalayen Star Wars, shekarar da George Lucas ya dawo da sabon fim bayan dogon hutu. Wajen 2003 zuwa 2004 kamfanin ya kusa durƙushewa saboda asara da bashi. Cikin abubuwan da suka lura da su bayan sun farfaɗo har da wannan: yaran da suka yi wasa da bulon a shekarun 1980 sun girma, sun kama aiki, kuma aljihunsu ya fi na iyayen yara zurfi. A 2019 LEGO ya sayi BrickLink, babbar kasuwar intanet da manya ke cinikin tsofaffin bulo a cikinta, a 2020 kuma ya fara buga "18+" a jikin wasu kwalaye. Wato an cire wa mai gemu kunya a hukumance, don a samu damar shiga aljihunsa.

A nan sharaɗina yake. Masu wannan sha'awa kashi biyu ne: akwai mai ginawa, akwai mai tarawa. Mai tarawa yakan sayi kwali ya ƙi buɗewa. Dalilinsa shi ne kamfanin yakan daina buga kowane kwali bayan 'yan shekaru, daga nan sai kuɗinsa ya tashi a hannun 'yan kasuwa. Akwai ma wani bincike da aka yi a wata jami'a a Mosko wanda ya nuna cewa kwalayen da aka daina bugawa tsakanin 1987 da 2015 sun riƙa ƙara daraja da kusan kashi 11 cikin ɗari a shekara. Wannan adadi ya rikita mutane da yawa, har wasu na cewa ya fi zinare.

To, a zo mu yi lissafin a ɗakin haya na Agege. Darajar kwalin da ba a buɗe ba tana jikin kwalin ne, wato takarda. Damina ɗaya ta Legas, da raɓar da ke bin bango, da kyankyaso, da ɓera, sun isa su mayar da jarinka abin tausayi. Idan ya tsira, wa zai saya? Masu biyan irin wannan kuɗi suna Jamus da Amurka, kuma kuɗin aika musu kaya zai cinye ribar. Sannan wuƙa da nama suna hannun kamfanin. Millennium Falcon na farko mai girma ya fito a 2007 a kan dala 500, bayan an daina buga shi ya kai dubban daloli, sai ga na 2017 ya fito, ya fi shi girma da kyau, farashin tsohon ya faɗo. Wanda yake son jari ya sayi goro ko ya saka a canji, aƙalla ya san kasuwar. Wanda kuma zai hana gidansa cefane, ko ya jinkirta kuɗin makarantar yara, don ya ajiye kwalin da ko buɗe shi ba zai yi ba, wannan ina tare da dattijon majalisa a kansa, har ma in ƙara masa da nawa faɗan.

Mai ginawa daban ne, kuma shi ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san motar kara da motar langa-langa. Da kaka, yaro zai feƙe karan dawa ya fitar da tirela har da tayoyi masu juyawa, babu littafi, babu zane, sai ido da reza. Yaran da aka haifa a Agege ba su da kara, ba su da fili, sai wayar uwa. Mafarkin sararin samaniya ma ba a Star Wars muka fara jin sa ba. Tun a 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka ɗauka aka yi yawo da shi a sama, shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata. (LEGO ya taɓa fitar da kwalin rokar Saturn V da ta kai su, kuma da gangan suka sa bulon cikinsa ya zama 1,969.) A 2007 jaridun duniya sun ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt a Amurka. Ba na cewa bulon roba ne zai haifar mana irinsu. Abin da nake cewa shi ne hannun da ya saba haɗawa da kwancewa ba ya tsoron inji, kuma yaro ya fi saurin koyo idan ya ga ubansa zaune a ƙasa yana yi.

Gaskiya ma motar kara ta fi kwalin dala 850 ta wani gefen. Mai kwali umarni yake bi, shafi bayan shafi, abin da wani ya riga ya zana a Billund shi zai fito. Daɗin abin yana farawa ne ranar da ka rushe kumbon, ka zube bulon a tire, kai da 'ya'yanka ku fitar da abin da babu shi a littafi: tashar jirgin Agege, ko motar shanu, ko kumbon da ba a taɓa gani a fim ba. Wanda ya gina sau ɗaya ya saka a gilashi ya hana kowa taɓawa, da shi da mai tarawa tafiyarsu ɗaya.

Na san za a tambaye ni batun 'yan mutum-mutumin da ke zuwa a cikin kwalayen. Wannan fage ne na malamai, kuma Agege ba ta rasa su ba, ga Markaz nan da Shehu Adamu Al-Ilori ya bari. Shi dai kumbo da roka da mota ba masu rai ba ne, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da mutum-mutumin ba sai ya ajiye su gefe, ginin ba zai rage komai ba.

Wanda yake son farawa, ba sai ya nemi dala ba. A kasuwannin gwanjo irin Katangowa akan ci karo da ledojin bulo a cikin kayan wasan da ke zuwa a dila, gauraye, babu kwali babu littafi, kuma su ne suka fi dacewa da irin ginin da nake nufi. Na asali za ka ga sunan LEGO a kan kowace ƙusa. Akwai kuma na Sin, masu araha. Haƙƙin mallakar ƙirar bulon kansa ya daɗe da ƙarewa, don haka ba kowane na Sin ne na sata ba. Na satar su ne masu kwafe kwali sukutum da zanensa, irin kamfanin Lepin da 'yan sandan Sin suka kai wa samame a 2019. Wasu na arahar suna kamawa da kyau, wasu kuwa kana ɗaga ginin zai wargaje a hannunka, saboda haka a gwada guda biyu a gaban mai kaya kafin a biya.

In an kawo na gwanjo gida a wanke shi da sabulu da ruwa mai ɗumi kaɗan, ban da tafasasshe, don zafi yana lanƙwasa robar. A shanya a inuwa, rana tana mayar da fararen rawaya. Gidan da ke da mai rarrafe kuma a ɗaga ƙananan sama, domin duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa.