Nawa ake kashewa wajen kafa dandalin sada zumunta a intanet?

Yawan matasan da suka koyi rubuta manhajar kwamfuta a jihar Jigawa ya sa tambayar nan ta daina zama ta mutanen Legas su kaɗai. To sai dai lissafi na nuna cewa kuɗin gina dandalin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da ke jiran duk wanda ya ɗauko wannan aiki.

Bisa ƙidayar jama'a ta shekara ta 2006, ƙaramar hukumar Birnin Kudu na da mutane sama da dubu 300, yayin da makwabciyarta Gwaram ke da sama da dubu 270, kuma ko shakka babu adadin ya ƙaru matuƙa tun daga wancan lokaci. A yau sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, cigiyar abin da ya ɓata, muhawarar siyasa da tallan hajar 'yan kasuwa a waɗannan garuruwa, kusan duk suna bi ne ta Facebook da WhatsApp da TikTok, wato kamfanonin da ke da mazauni dubban kilomitoci daga Jigawa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan matashin da ya kammala karatun kwamfuta a Dutse ko Kazaure ya yi tunanin kafa wa mutanensa nasu dandalin, da harshensu, bisa al'adunsu.

Jihar ma dai ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun a shekara ta 2001 gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta buɗe cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure tare da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na ƙasar Singafo, kana ta kafa kamfanin Galaxy da nufin kai intanet sassan jihar, a daidai lokacin da wayar salula ke fara shigowa Najeriya. Ke nan ilimin ba shi ne matsalar ba. Matsalar tana wajen kuɗi, musamman ma irin kuɗin da ake biya da su.

Kuɗin buɗe ƙofa

Idan ana batun farawa ne kawai, to abin bai taka kara ya karya ba. Rajistar sunan shafi mai ƙarewa da .com ba ta wuce dala 10 zuwa 15 a shekara, kuma ana iya yin mai ƙarewa da .ng a biya da naira ta hannun wakilan hukumar NiRA. Hayar ƙaramar kwamfutar da za ta riƙe shafin a cibiyoyin ajiyar bayanai tana farawa ne daga kimanin dala 5 a wata. Kamfanin Google na karɓar dala 25 sau ɗaya kafin ya bai wa mutum damar sanya manhajarsa a kasuwarsa, shi kuwa Apple dala 99 yake karɓa a kowace shekara. Ita kanta manhajar ba dole ne a rubuta ta tun daga tushe ba, domin akwai irin su Mastodon da ta fito a 2016, wadda kowa ke iya ɗauka kyauta ya gyara ta yadda ya ga dama.

Tarihin Facebook ma ya tabbatar da haka. Lokacin da Mark Zuckerberg ya buɗe shi a Jami'ar Harvard cikin watan Fabrairun 2004, dala 85 yake biya a wata ta hayar kwamfutar da ke riƙe da shafin. Wannan adadi ne masu ƙarfafa wa matasa gwiwa suke yawan ambatawa. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, kafin shekarar ta ƙare sai da attajiri Peter Thiel ya zuba dala dubu 500, sannan a 2005 kamfanin Accel ya ƙara dala miliyan 12 da dubu 700. Sunan shafin kaɗai, wato facebook.com, dala dubu 200 aka saye shi.

Inda gizo ke saƙa

Dandalin sada zumunta ya sha bamban da shago, inda kowane mai shigowa ke barin ciniki. A nan kowane sabon mai shiga ƙarin ɗawainiya ne. Hoton da ya ɗora sai an adana shi, kuma duk lokacin da wani ya buɗe hoton ko ya kalli bidiyo, akwai kuɗin da ke hawa kan mai dandalin. Alal misali, kamfanin Amazon na karɓar kimanin santi 9 na dala kan kowane gigabait da ya fita daga rumbunsa. Idan aka ƙaddara mutane dubu 10 ne ke amfani da dandalin, kowannensu na kallon abin da ya kai gigabait ɗaya a wata, lissafin ya kama dala 900 ke nan a kowane wata, tun ba a biya ma'aikaci ko ɗaya ba. Akwai kamfanonin da suka fi haka rahusa nesa ba kusa ba, amma ƙa'idar ba ta sauyawa: iya farin jininka, iya bashinka.

Kuma galibin waɗannan kuɗaɗe da dala ake biyansu. A watan Mayun 2023 ana sayar da dala a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati. Bayan da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa naira mara a watan Yunin wannan shekara, farashin ya haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Ma'ana, wanda ke biyan dala 50 a wata ya tashi daga naira dubu 23 ya koma dubu 75 cikin watanni tara, ba tare da ya ƙara ko mutum ɗaya a dandalinsa ba. Wannan ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka amince da shi a watan Yulin 2024. Bugu da ƙari, daga 2022 zuwa tsakiyar 2025 akasarin bankunan ƙasar sun dakatar da amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a ƙetare, lamarin da ya tilasta wa masu irin wannan sana'a neman dala ta wasu hanyoyi masu tsada.

Sai kuma wuta da data. Mai kula da dandali ba ya iya jiran wutar KEDCO, domin shafin na iya tsayawa da tsakar dare. Ko dai ya kafa sola da batura, ko ya dogara da janareta, alhali farashin mai ya ninka sau da dama tun bayan janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. A watan Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data, wanda ke nufin shi kansa manomin da ke Sara ko Basirka zai ƙara yin tunani kafin ya buɗe sabuwar manhaja a wayarsa.

Wa zai biya?

Manyan dandaloli na rayuwa ne da kuɗin talla, kuma masu talla ba su ɗauki jama'ar duniya da daraja ɗaya ba. Alƙaluman da kamfanin Meta ya fitar na watanni ukun ƙarshe na 2023 sun nuna cewa Facebook ya samu sama da dala 68 daga kowane mai amfani da shi a Amurka da Kanada, amma a rukunin ƙasashen da Afirka ke ciki dala 4 da rabi kacal ya samu. Wannan kuwa matsakaici ne da ya haɗa da ƙasashen da suka fi Najeriya ƙarfin aljihu, irin su Brazil da Saudiyya. Idan kamfanin da ya fi kowa iya sayar da talla abin da yake samu ke nan, to sai a kwatanta abin da sabon dandali zai tara daga masu shaguna a Birnin Kudu.

Masu zuba jari a kamfanonin fasaha a Najeriya kuwa sun fi karkata ga Legas, kuma ga harkar hada-hadar kuɗi. Attajiran arewa, bisa ga al'ada, sun fi natsuwa da abin da ido ke gani: tirela, injin casar shinkafa, buhunan riɗi a sito. Hatta Aliko Dangote, wanda ya yi karatun sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, a siminti da sukari da matatar mai ya gina dukiyarsa. Ba laifinsu ba ne, domin da wuya a ga dalilin da zai sa ɗan kasuwa ya zuba kuɗi a harkar da ka iya shafe shekaru ba ta dawo da ko sisi ba.

Ƙofar da ta fi sauƙin buɗewa ita ce ta 'yan siyasa, musamman idan kakar zaɓe ta matso. Amma masu iya magana kan ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dandalin da aka san ɗan takara kaza ne ke ciyar da shi ya rasa rabin mutanen gari tun ranar da aka buɗe shi, kuma tallafin kan ƙare ne da ƙarewar zaɓe.

Waɗanda suka gwada

Lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021, mutane da yawa sun ɗauka cewa dama ta samu ga dandaloli na gida. Manhajar Crowwe ta Adamu Garba, ɗan siyasa kuma ɗan kasuwa daga jihar Adamawa, na cikin waɗanda aka yi ta ambata, amma a cikin wannan watan ta ɓace daga kasuwar manhajoji ta Google bayan da dubban 'yan Najeriya suka yi mata ruwan suka. Ita kuwa gwamnati sai ta buɗe shafi a Koo, wani dandali na ƙasar Indiya. An ɗage haramcin Twitter a watan Janairun 2022, jama'a suka koma inda suka saba. A watan Yulin 2024 aka rufe Koo baki ɗaya, duk da cewa ya tara jarin sama da dala miliyan 60, kuma waɗanda suka kafa shi sun ambaci tsadar tafiyar da fasahar a cikin dalilansu.

Kafin wannan, matasan arewa da dama sun fara sanin hira ta intanet ne a 2go na Afirka ta Kudu, wanda ya mamaye ƙananan wayoyin Nokia a wajajen 2012, kafin WhatsApp ya kwashe masa jama'a. A Amurka ma, kamfanin News Corporation ya sayi MySpace kan dala miliyan 580 a 2005, ya sayar da shi kan kimanin dala miliyan 35 a 2011.

Misalin da ya ɗore a Najeriya shi ne Nairaland, wanda Seun Osewa ya kafa a 2005. Abin lura shi ne, har yanzu rubutu ne ya fi yawa a cikinsa, fuskarsa ba ta sauya sosai ba, kuma bai ɗora wa kansa nauyin bidiyo ba. Duk da haka, a watan Disamban 2023 kamfanin da ke riƙe masa shafin ya rufe shi na ɗan lokaci saboda wani ƙorafi da aka shigar kan abin da wani ya wallafa.

Kuɗin tsaron ƙofa

Wannan batu na ƙarshe shi ne wanda masu lissafi suka fi mantawa da shi, alhali a arewacin Najeriya yana iya zama mafi nauyi. Mai dandali na buƙatar mutanen da za su riƙa duba abin da ake wallafawa dare da rana, waɗanda suka san Hausa da Fulatanci, suka kuma iya gane habaici da zambo, abin da na'ura ba ta ƙware a kai ba tukuna. Kisan ɗaliba Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayun 2022 ya samo asali ne daga saƙon murya a wani zauren WhatsApp na 'yan aji. A watan Nuwamban wannan shekara kuma jami'an tsaro suka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan abin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, kafin daga baya a janye ƙarar.

A duk waɗannan lokuta, masu kamfanonin suna can Amurka. Amma wanda ya kafa dandali a Gwaram kowa ya san ƙofar gidansu. Shi za a kira fadar hakimi, shi za a gayyata ofishin 'yan sanda. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, waɗanda ke nufin sai an tanadi kuɗin lauya. Hukumomin Najeriya sun nuna ba da wasa suke ba, tun da a watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci Meta tarar dala miliyan 220.

Hujjar harshe ma ta yi rauni, domin Facebook ya sanya Hausa cikin harsunansa tun 2016, kuma saƙon murya ya ɗauke wa wanda bai iya boko ba wahalar rubutu.

Bisa ga dukkan alamu, abin da lissafi zai iya ɗauka a kudancin Jigawa ƙaramin dandali ne mai manufa ɗaya, wanda ya dogara da rubutu da murya, kuma masu cin gajiyarsa suke biya kai tsaye. Dillalin da ke Dawanau a Kano na iya biyan wani abu a wata domin sanin farashin riɗi ko na dabbobi a kasuwar Sara tun kafin ya ɗauko mota, kuma hanyar karɓar irin waɗannan ƙananan kuɗi ta samu tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya tura 'yan kasuwar karkara ga tura kuɗi ta waya. Sai dai ko a nan ɗin akwai abokin hamayya: zauren WhatsApp guda ɗaya na ɗaukar mutum 1,024, kuma wanda ya buɗe shi ba ya biyan hayar kwamfuta ko ta kwabo.