Tsallen Juyi Da Maganar Daɓen Siminti

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya saba bin manyan titunan Kaduna da yamma, daga Kawo zuwa Kasuwa, ba zai rasa ganin samarin nan masu gudu bisa taya ba. Galibinsu takalmi mai taya suke sawa, wasu har su kama bayan mota ta ja su. Kaɗan daga cikinsu kuwa allo suke hawa, watau siketbod, kuma a kan waɗannan nake son in yi magana. Ra'ayina shi ne wasan nan ya cancanci a ba shi wuri a cikin jami'a, kuma Ƙungiyar Ɗalibai ce ya kamata ta nema masa. Hujjata tana cikin wani ɗan tsalle guda da mai koyo yakan fara da shi.

Allon kansa bai kai taku uku ba a tsawo, faɗinsa wajen inci 8. Da siraran katako bakwai ake yinsa, a manne su da gam, a tanƙwara goshinsa da wutsiyarsa su ɗan ɗaga sama. A bisansa akwai takarda mai kaushi irin wadda kafintoci ke goge katako da ita, don ta riƙe takalmi. A ƙarƙashi akwai ƙananan tayoyi huɗu masu tauri, kowace da boris a ciki. Babu birki, babu abin riƙewa, babu igiyar da ta ɗaure ƙafa da allo. Saboda haka mutane suka daɗe suna ganin ba shi yiwuwa allo ya bi mutum sama in ya yi tsalle, sai a 1978 da wani yaro a jihar Fulorida ta Amurka, Alan Gelfand, ya nuna ana iyawa a kan gangaren siminti. A 1982 Rodney Mullen ya sauko da dabarar bisa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ita ake kira oli, kuma daga gare ta yawancin tsalle-tsallen yau suka fito.

Tsallen da nake nufi shi ne wanda masu wasan ke kira shobit, ni kuwa na fi son in ce tsallen juyi. Mutum ya tashi sama, allon ya yi rabin kewaye a ƙarƙashinsa, goshi ya koma wutsiya, sa'an nan ya sauka a kai ya ci gaba da tafiya. Shi mai tsallen ba ya juyawa, allon kaɗai ke juyawa. Ƙafar baya tana kan wutsiya, yatsu sun ɗan leƙo baki. Ƙafar gaba tana wajen tsakiya, an sassauta mata nauyi. Sai a durƙusa kaɗan, a buga wutsiyar ƙasa, a kuma share ta baya a lokaci guda, kamar mai ture tsakuwa da yatsun ƙafa. Aikin ƙafar baya ke nan, kuma ita ce mai juya allon. Ita ta gaba aikinta ta ɗaga ta ba shi hanya, ta kuma tare shi in ya cika rabin kewayen. Allon yakan ɗan gusa gaban mutum, don haka dole a bi shi da ɗan tsalle gaba, a sauka bisa kusoshin da ke riƙe da tayoyi, gwiwa a tanƙware.

A faɗe abu ne na daƙiƙa guda, amma a aikace mai koyo yakan yi makonni a kansa. Abin da ke ba shi wuya ba ƙarfi ba ne, gama yaro ɗan shekara 10 yana da ƙarfin da ake bukata. Tsoro ne. Za ka ga allon ya juya daidai, ƙafar gaba ta sauka a kai, amma ta baya ta gudu ta nemi ƙasa, don zuciya ba ta yarda ta ɗora jiki duka a kan abin da ke motsi ba. In kuwa ya jingina baya, allon ya suɓuce gaba shi ya zauna daɓas. In ya share da ƙarfi ya wuce kima, allon ya zarce ya doki ƙwabrinsa, kuma wanda katako ya taɓa doka a ƙwabri ya san abin da nake faɗi. Maganin duk wannan maimaici ne, sau ɗari bisa ɗari, da farko a kan ciyawa inda taya ba ta gudu, daga baya a kan siminti. Da rarrafe yaro kan tashi. Abin da ya ɓata wa na yanzu lissafi shi ne hotunan da suke kallo a waya, inda ake nuna tsallen da ya yi kyau a yanke faɗuwa hamsin da ta gabace shi. Sai yaro ya nemi juyi tun bai iya tsayawa bisa allo ya tura da ƙafa ɗaya ba.

To, a nan maganar wuri ta shigo. Mutumin da zai faɗi sau ɗari yana bukatar inda zai faɗi lafiya. Tayar siketbod ba ta wuce inci 2 ba sai da kaɗan, tsakuwa kamar ƙwayar gyaɗa ta isa ta tsai da ita cik, mai allo ya wuce gaba da fuska. Kwaltarmu tana da kaushi, gefenta yashi ne, da hunturu ƙura, da damina ruwa mai ruɓar da katako ya sa boris tsatsa. Inda kwalta ta fi sumul kuwa nan motoci da 'yan acaɓa da Keke Napep suka fi gudu. Watau mun bar mai koyo da zaɓi biyu, ko ya bari, ko ya koya a gaban mota. Faɗuwa a daɓe ƙujewa ce da targaɗe, faɗuwa a titi kuwa sai dai a ce Allah ya kiyaye.

Na san abin da wasu za su ce, cewa wannan kwaikwayon Turawa ne da ɓata lokacin karatu. Ƙwallon ƙafa ma ai ba a Kabala aka haife ta ba, folo da Kaduna ke alfahari da shi kuwa ba kakanninmu suka ƙago shi ba. Har wa yau wanda ya tashi a unguwa ya san keken katako da yara ke haɗawa da boris, ya kuma san langa, wadda asalinta tsayuwa ce da ƙafa ɗaya ba tare da an faɗi ba. Jikin da ya iya langa ba baƙo ba ne ga allo. Game da ɓata lokaci, ina ganin sa'a guda ta gumi da yamma ta fi sa'o'in da muke kashewa a kan waya a ɗakunan kwana. Masu cewa wasan yara ne su tuna an shigar da shi gasar Olamfik ta Tokyo wadda aka yi a 2021, inda Momiji Nishiya ta Japan ta ci zinariya tana da shekara 13, shi kuma Dallas Oberholzer na Afirka ta Kudu ya shiga gasar yana da 46.

Abin da nake roƙo ba babba ba ne. Garin da ya karɓi gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009, mai filin wasa na Ahmadu Bello da Dandalin Murtala, bai kamata ya gaza daɓen siminti ba. A unguwar Kitintale ta Kampala samari ne suka gina nasu da hannunsu a 2006, a Akara kuma an buɗe wani a 2021. Mu ba ma sai mun fara da gini ba. Sakataren wasanni na Ƙungiya ya nemi izni a ware wani shimfiɗaɗɗen wuri, ko filin ƙwallon kwando a sa'o'in da ba a wasa, ko wurin ajiye motoci ranar Asabar da Lahadi. A sayi tsintsiya, a sayi hular kwano da abin kare gwiwa da wuyan hannu. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 allo ya fi ƙarfin aljihun yawancin ɗalibai, gama daga waje ake shigo da shi, don haka Ƙungiya ta sayi uku ko huɗu ta ajiye a ofis, a riƙa ara da katin shaida kamar yadda ake aron littafi. A kuma keɓe wa 'yan'uwanmu mata lokacinsu, don da yawa ba za su yarda su faɗi a gaban taron maza ba. Ina fata wakilanmu za su sa wannan cikin ajandar zaman majalisa mai zuwa, kafin a rufe kasafin kuɗin wasanni na bana.