Shin da gaske jirgin sama na cutar da jarirai? Ga abin da lissafi ya nuna

Jama'a, duk lokacin da Umara ta gabato sai wannan magana ta sake tasowa a majalisunmu na Agege, Idi-Araba da Sabon Ibadan: wai kada a hau jirgi da yaro ƙarami, radiyeshon zai yi masa lahani. Wasu iyayen har fasa tafiya suke yi bayan sun biya kuɗi. Ni a ganina, a duba lissafi kafin a yanke hukunci.

Gaskiya ne akwai radiyeshon a sama. Wani masani ɗan Ostiriya, Victor Hess, ya tabbatar da haka a 1912 da ya hau balan-balan. Haskokin suna zuwa ne daga sararin samaniya, iskar da ta lulluɓe duniya ce ke tare mana su. Jirgi kuwa yana tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12, inda iskar ba ta da kauri.

To amma nawa ne? Ana auna shi da milisibat. Ko mutum bai taɓa shiga jirgi ba, yana ɗaukar kusan milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa, abinci da iska. Tafiya daga Legas zuwa Jidda, wadda ba ta wuce awa shida ba, ba ta kai milisibat 0.02 ba. Kenan abin da yaronka ke ɗauka a 'yan kwanaki yana kwance a ɗakin mahaifiyarsa.

Kuma mu muna da sa'a. Maganaɗisun duniya ya fi kare yankinmu na tsakiyar duniya. Jiragen da ke ratsa can ƙuryar arewa, kamar masu zuwa Asiya daga Amurka, su suka fi ɗauka. Shi ya sa idan rana ta yi aman wuta sosai ake karkatar da su. Waɗanda ake sa wa ido su ne matuƙa da ma'aikatan jirgi, musamman masu juna biyu, don kullum suna sama.

Ban ce a yi sakaci ba, jikin yaro ya fi na babba saurin kamuwa. Amma hoton kai na CT guda ɗaya yana kai kusan milisibat 2, sama da zuwa Jidda sau ɗari. A nan ya kamata uba ya tambayi likita ko hoton dole ne.

Abin da ya fi damuna shi ne muna tsoron abin da ba ya cizo, mun bar mai cizo. A Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines daga Landan ya shiga gargada, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata. Don haka a ɗaure wa yaro bel ko da barci yake. A ba shi nono lokacin tashi da sauka saboda ciwon kunne, a yawaita ba shi abin sha. A yi masa rigakafin sanƙarau da Saudiyya ke buƙata, a kuma yi tanadin zafin Makka da cunkoson ɗawafi.

Idan jaririn bakwaini ne, ko yana da matsalar zuciya ko numfashi, a ga likita kafin a yanki tikiti. Wannan shi ne dalilin da zai iya ɗage tafiya, ba radiyeshon ba.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.