Idan mai haya ya rasu, wa ke da ikon zama a gidan?

A Tasawa da Mayahi, kamar sauran garuruwan jihar Maradi, yawancin haya da baki ake ƙulla ta, babu takarda. Shi ya sa idan mai haya ya rasu, wani lokaci tun ba a share makoki ba sai mai gida ya aiko wa iyalin mamacin cewa su nemi wani wuri. Abin tambaya a nan shi ne, yana da wannan ikon?

Amsar ita ce a'a. Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, a sashe na 1742, ta ce mutuwar mai gida ko ta mai haya ba ta warware yarjejeniyar haya. Mazhabar Malikiyya da muke bi ita ma haka ta tanada: magada su ne ke maye gurbin mamaci har wa'adin ya cika. Littafin Risala ya ƙara da cewa matar mamaci tana da haƙƙin yin takabarta a gidan, matuƙar mijin ya riga ya biya kuɗin hayar.

Sai dai haƙƙi tafe yake da nauyi. Wanda ya ci gaba da zama shi zai riƙa biya, kuma bashin hayar da mamaci ya bari ana fitar da shi ne daga dukiyarsa kafin a raba gado.

Inda muke son ƴan kasuwa su buɗe ido shi ne batun shago. Hayar shago tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, aka kuma sabunta ta a birnin Lome a 2010. Sashe na 111 ya ce hayar za ta ci gaba da miji ko matar mamaci, ko iyayensa, ko ƴaƴansa, amma sai sun nemi hakan daga mai shagon cikin wata 3 da rasuwar, ta hanyar da za ta nuna cewa saƙon ya isa hannunsa. Idan wata 3 suka wuce shiru, hayar ta mutu. Idan kuma masu nema sun yi yawa, mai shagon yana iya kai maganar kotu ta zaɓi ɗaya. A lura, wa da ƙane ba sa cikin wannan jerin.

To ga inda gizo ke saƙar: takaba wata 4 ce da kwana 10. Matar da ta ce sai ta fita takaba za ta waiwayi maganar shago, za ta tarar wa'adi ya wuce ta da kwana 40, alhali da shagon nan ne za ta ciyar da marayu.

Don haka muna kira ga dangi, tun a makon sadakar bakwai a rubuta wa mai shago takarda da sunan matar ko ƴaƴan, a sa ya sa hannu cewa ya karɓa, a adana kwafi. Masu haya kuma su riƙa karɓar rasit duk wata, su sa a rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Idan rigima ta taso, a fara da mai unguwa ko sarki don sulhu kafin a je kotu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah Ya jiƙan mamatanmu, Ya raya marayu.