'Ya'yanmu sun san Ananse, ina Alhaji Imam?

Jama'ar Zango, a tambayi yaro ɗan shekara goma a Nima, Mamobi ko nan Malam labarin da ya fi so. Zai ambaci Harry Potter ko Kwaku Ananse, domin su ya tarar a littafi. Hausarsa kuwa a baki ta tsaya, tun da ba ta cikin harsunan da makarantun gwamnatin Ghana ke koyarwa.

Alhali muna da namu. A 1934 aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda Alhaji Imam ya ratsa ƙasashe har da ta aljannu neman ruwan magani, suna ta kai ruwa rana da Malam Zurƙe. A Magana Jari Ce, aku ne ya tsare ɗan sarki da labarai. A Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo, yaro Kilba ya kai sararin samaniya.

Wasu dattawanmu kan ce wannan tatsuniya ce, ɓata lokaci. Muna girmama su, amma yaro ba ya zama babu labari. In ba mu ba shi namu ba, wayar hannu za ta ba shi nata.

Shawararmu: fatakenmu masu zuwa Kano su riƙa sayo waɗannan littattafai, malaman makaranta kuma su ware rabin sa'a kowane mako, bayan an tashi karatu, a karanta wa yara babi ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya raya mana zuri'a.