Kujera ɗaya, fasinja biyu: labarin "ƙazamar saniya" a wayar Android

A ce kana tashar Illo, motar Bagudo saura kujera ɗaya. Ɗan kamasho ya leƙa ya gani, ya karɓi kuɗin wata hajiya. A daidai lokacin abokin aikinsa ya leƙa ta ɗaya gefen, shi ma ya karɓi na wani dattijo. Babu maƙaryaci a cikinsu. Ɓarnar ta auku ne a ɗan tsakanin nan, daga leƙawa zuwa karɓar kuɗi.

Kwamfuta ma tana faɗawa irin wannan rige-rige. A ƙarƙashin kowace wayar Android, Tecno ce ko Itel, akwai uwar manhaja mai suna Linux, ita ke raba wa sauran manhajoji memori. Tana da wata ƙa'ida: fayil ɗin da aka ba ka don karantawa kawai, in kana son rubutu sai ta yi maka kwafi, ka rubuta a can. Kamar littafin laburare ne da fotokwafinsa.

A watan Oktoban 2016, wani masani mai suna Phil Oester ya gano masu kutse suna sa ayyuka biyu tsere. Ɗaya yana ta neman yin rubutu, ɗaya yana ta cewa a jefar da kwafin. Ana ta maimaitawa har a dace: an ba da izini, kwafin ya ɓace, rubutun ya sauka kan fayil na asali. Shi ke nan, ƙaramar manhaja ta zama mai gida.

Aka raɗa wa kuskuren suna Dirty COW, wato ƙazamar saniya, don gajarta sunan ƙa'idar a Turance yana ba da kalmar saniya. Abin da ya fi ba ni mamaki, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya taɓa gyara shi tun 2005, amma aka janye gyaran saboda ya kawo cikas a wasu manyan kwamfutoci. A gyaran 2016, sai Linux ta tabbatar kwafin nan yana nan kafin ta bar rubutu ya wuce.

Sai dai gyaran ba ya zuwa waya sai an sabunta ta, kuma da yawanku tsohuwar wayar yaya ko ta baba kuke dannawa. Aikin gida: ku shiga saitin wayar, ɓangaren bayanin waya, ku duba ranar sabuntawar tsaro. In ta gaza Disambar 2016, ku faɗa wa mai ita kada ya ɗora manhajar banki a kanta.