Ritayar Dole Ba Ita Ce Maganin Zaman Kashe Wando Ba

Duk wanda ya gama bautar ƙasa, ya yi shekara biyu yana yawo da fayil a hammata, ya san wannan magana. Ana yin ta a tashar mota, ana yin ta a ɗakin kwanan ɗalibai: wai a sallami tsofaffin ma'aikata su je gida su huta, don matasa su sami gurbi. Ni ma da haka na ɗauka. Amma da na zauna na auna al'amarin, sai na ga lissafin dokin Rano ne.

Da farko dai, ritayar dole ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Ma'aikacin gwamnati yana barin aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Wa'adin ma ƙara shi ake yi a wasu wurare: a 2012 an kai na farfesoshi shekara 70, a 2022 kuma na malaman firamare da sakandare ya koma 65, ko 40 a bakin aiki. To duk da dubban da ke ajiye aiki kowace shekara, layin masu digiri ya ragu?

Ai ba zai ragu ba. In darakta ya tashi, na ƙasa da shi ne ke hawa kujerar, shi kuwa sabon mai digiri daga mataki na 8 yake farawa. Wannan gurbi na ƙasa shi ne abin dubawa. Sau nawa muka ga an tallata shi a jarida? Sau da yawa a ɓoye ake cike shi da ɗan wane da ƙanen wance, ko a sayar da shi kamar buhun masara. Ba ƙage ba ne, don a 2023 sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya. Wanda ba shi da uwa a gindin murhu, ko an kori tsoho dubu, shi dai yana nan inda yake.

Mun ma taɓa gwada kora. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata fiye da 10,000. Har gobe akwai masu ganin tun daga nan ma'aikaci ya daina amincewa da gobensa, ya koma tara wa kansa guzuri tun yana kan kujera. Sannan mu tambayi kanmu, wa ke ciyar da mai digirin da ke zaune a gida? Albashin wannan tsohon ne fa. A kore shi, fansho ya yi jinkirin da ya saba yi, gida ɗaya ya tashi da marasa aiki biyu.

Inda na yarda da masu wannan ra'ayi shi ne batun rage shekaru. Mutumin da jikokinsa suka shiga jami'a, amma takardar rantsuwar kotu ta ce shekarunsa 52, wannan kam ya tafi, kuma dokar da ke akwai ta isa ta fitar da shi.

Mu ɗaliban harshe kuwa, namu ya fi sauƙin gani. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta nemi yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa, Ibo da Yarabanci ban da harshensa. Ku zaga sakandaren da ke kewaye da mu a nan kudu, ku ƙirga masu malamin Hausa. Babu wani tsoho da ya tare wannan kujera. Babu kowa a kanta, kuma ba a neman kowa.